Ƙanena, ga yadda malami ke duba bincikenka daga nesa

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu ta intanet a wata jami'a ta nan Ingila, amma abin da ya tsaya maka a rai shi ne yadda malamin da ba ku taɓa haɗuwa ba zai duba kundinka har ka gama. Kwantar da hankalinka. Koyarwa daga nesa ba sabon abu ba ne. Open University, wata jami'a ta nan Ingila, tun 1969 aka kafa ta, kuma ta fara koyar da ɗalibanta ne ta wasiƙa da rediyo da talabijin, tun babu intanet a gidajen mutane. Kai kuwa ka tarar da kayan aiki a shirye.

Ganawarku za ta kasance ta Microsoft Teams ko Zoom, wannan ba wuya. Sai dai ka lura da agogo: nan ana tura shi gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, a mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ka roƙi malamin ya riƙa turo gayyata ta kalandar imel, ita za ta daidaita maka lokacin da kanta.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne bayan an tashi daga ganawar. A ranar, kafin ka kwanta, ka rubuta masa gajeren imel: ga abin da muka tattauna, ga abin da zan yi, ga ranar da zan turo. Layi biyar sun isa. Malamin nan yana da ɗalibai da yawa, ga koyarwa, ga nasa binciken, kuma tunda ba zai gamu da kai a bakin ofis ya tuna da zancenka ba, rubutun nan ne zai tsaya a madadinka. Jami'o'i da yawa ma suna da fom na musamman don wannan. Idan saɓani ya taso daga baya, shi za a duba.

Sannan kwafi ɗaya tak na kundin. Ni na sha wuya a nan. Na taɓa tura babi na biyu ta imel, na ci gaba da gyara nawa, malamata kuma ta zauna ta yi wa tsohon kwafin gyara layi-layi. Mako uku na yi ina haɗa biyun, kuma laifina ne. Ka ajiye fayil ɗin a OneDrive ko Google Docs inda ku biyun za ku buɗe abu guda, ka kunna wurin da ke nuna sawun gyara. Duk sharhin da ya yi a gefe, kada ka goge shi sai ka amsa, ko da ba ka yarda da shi ba. Musamman ma idan ba ka yarda ba.

Zotero, wato manhajar ajiye takardun da ka karanta, kyauta ne. Ka sauke shi tun makon farko, duk takardar da ka karanta ka jefa ta ciki, shi zai tsara maka manazarta.

Turnitin kuma, ɗalibai suna tsoronsa fiye da kima. Aikinsa shi ne nuna inda rubutunka ya yi kama da na wasu. Hukuncin satar fasaha mutum ne ke yanke shi bayan ya karanta. Kada ka ɓata dare kana sauya kalmomi don lambar kamannin da yake nunawa ta sauka, ka dai faɗi inda ka ɗauko kowace magana. Batun ChatGPT da ire-irensa, ka tambayi malaminka ƙa'idar sashenku a rubuce tun ganawar farko, domin ba ɗaya take a ko'ina ba.

Idan mako biyu suka wuce bai amsa ba, ka sake tuntuɓarsa cikin ladabi. In shirun ya ci gaba, akwai mai kula da kwas ɗin, kuma zuwa wurinsa ba rashin kunya ba ne.

Turo mini taken da kake tunanin yin bincike a kai mu duba tare. A gaida su Baba.