Ku Tambayi Anti: Labarin yaƙin da nake rubutawa ya tsaya min cak

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Ni a bariki aka haife ni a Kaduna, mahaifina soja ne Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya lokacin ECOMOG, wato dakarun kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma, ina ɗan firamare. Shekara biyu kenan ina rubuta littafi akan wani kofur da aka tura can, na kai babi na tara sai abin ya tsaya min cak saboda an zo wajen artabu ni kuma ban taɓa riƙe bindiga ba, duk abinda na rubuta sai inga kamar fim ɗin Amurka na kwafo. Gashi a ƙungiyarmu ta marubuta da muke haɗuwa duk ƙarshen wata in na karanta sai ayi shiru, wani ma cewa yayi in daina wahalar da kaina in rubuta soyayya ita ake saye. Wallahi gwiwata tayi sanyi, wata huɗu rabona da biro. In haƙura ne?

Ƙaninki daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanina, Allah ya jiƙan Baba yasa can ta fi masa nan. Kar ka haƙura, dan Allah kar ka haƙura.

Sau uku na karanta wasiƙarka kuma inda nake tsayawa kullum shine wajen da kace a bariki aka haife ka, ka faɗa ka wuce kamar ba komai ba, alhali rabin littafinka yana nan. Kai fa ka ga yaƙin Laberiya, ta ƙofar ɗakinku ka ganshi. Ka san yadda layi yake yin tsit in maza sun tafi, ka san yadda mata suke kasa kunne a rediyo da asuba ko za'a ambaci Monrobiya babban birnin ƙasar, ka san yadda gaban kowa yake faɗuwa in aka hango magajiyar bariki ta shigo layi da wasu mata a bayanta ba'a san ƙofar wa zata tsaya ba. Wanda bai tashi a bariki ba ko shekara goma zaiyi yana bincike bazai samu wannan ba, kai kuwa a jikinka yake.

Bari in baka labarin kawuna. Yayi yaƙin basasa, wanda aka fara a Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970, ya dawo da ɗingishi. Tun muna yara muke binsa ya bamu labarin harbi, bai taɓa bayarwa ba ko sau ɗaya, abinda yake faɗa kawai shine ruwan sama, yadda ake kwana da kwanaki ba'a cire takalmi ba har tsakanin yatsu ya ruɓe, in an cire safa ta taho da fata, da yadda suke jiƙa garin kwaki a hular kwano mutum huɗu su sa hannu. Har ya rasu baya iya cin abinci sai ya juya bayansa ga bango. Goggo matarsa kuwa tace wata talatin ɗin nan bata taɓa wanke wata tsohuwar rigarsa ba, a ƙarƙashin filo take ajiyeta. To kaga ni da nake rubutu yau, ƙarar igwa ban san yadda zan kwatanta maka ita ba amma safar nan da rigar nan sun ishe ni in sa mai karatu ya ajiye littafi ya share hawaye.

Shi kuma babi na tara dole dai ka rubuta shi, ba guduwa. Abinda yasa yake fito maka kamar fim shine kana kallon fagen daga daga sama kamar mai kyamara, kana ganin kowa da kowa. Kofur ɗinka ba haka yake gani ba, shi bangon da ya raɓe yake gani da ƙeyar na gabansa da hayaƙi, bai san waye yake cin nasara ba, ƙishirwa yake ji. Ka tsaya a cikin idonsa kar ka fita. Sannan ka tuna a yaƙin nan an ba yara ƙanana bindiga, ɓangaren madugun 'yan tawaye Charles Taylor har runduna guda gare su ta yara. Ka ɗauka kofur ɗinka ya ɗaga bindiga sai yaga wanda ke gabansa sa'an ɗansa ne da ya baro a Kaduna, me zaiyi, in ya harba ya zai kalli ɗan nasa ranar da ya dawo? Ni a ganina babinka kenan.

Tarihin kuma ka riƙe shi daidai tunda akwai waɗanda sukaje suna raye zasu kama ka. A Disambar 1989 Taylor ya shigo ta iyakar Kwaddebuwa, a Agustan 1990 dakarun ECOMOG suka sauka tashar jirgin ruwan Monrobiya, kwamandan farko ɗan Ghana ne Janar Arnold Quainoo, bayan wasu 'yan tawaye sun kama shugaban Laberiya Samuel Doe a Satumba a harabar hedkwatar ECOMOG suka tafi dashi suka kashe shi sai ragamar ta dawo hannun Janar Joshua Dogonyaro, sai kuma babban farmakin da Taylor ya kai wa birnin a Oktoban 1992. Ka zaɓi wace shekara mutuminka yaje don ba irin yaƙi ɗaya akayi ba. Ka nemi abokan Baba, in ka rasa kaje ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ko ka bari ranar 15 ga Janairu da ake taron tunawa dasu. Kaje da ladabi da ɗan goronka, kar ka kuskura ka tambayi dattijo mutum nawa ya kashe, tambaye shi me suke ci, a ina suke sallah, ta yaya wasiƙa take zuwa gida, sauran in yaga dama shi zai kawo da kansa, in yayi shiru ka ƙyale shi. Ka nemi izini kuma ka canja sunaye.

Maganar soyayya ake saye, eh gaskiya ne ana saye kuma ban raina ta ba, marubutan Kano na ƙarshen shekarun 1980 irin 'yan ƙungiyar Raina Kama da kuɗin aljihunsu suka dinga buga littattafai har suka koya wa dubban mata karatun boko a cikin gida. Amma labarin yaƙi ba baƙo bane a adabinmu, cikin littattafan da gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ta haifar akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, fafatawa da Turawa ce a ciki, kuma labarin da ya fara lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016 akan 'yan gudun hijira ne. Kuma ma shi kofur ɗin ba shi da mata ne? Mace ta shekara biyu tana jiran miji ba ta san ko yana raye ba, wace soyayya ce ta kai wannan.

Ƙungiyarku kuwa kar ka fita. Nasha zama a irin taron nan, aji ɗaya na firamare ranar Asabar, benci ya ƙage mutane, fanka bata aiki, mutum goma sha biyu kowa da takardarsa a hannu yana jiran a zo kansa, in ka karanta shafi goma dole ayi shiru ko da zuma ka rubuta. Wani shirun kuma na rashin sanin abin cewa ne tunda basu saba jin irinsa ba. Wata mai zuwa shafi biyu kacal zaka kai, ka gama kace musu a wane layi hankalinku ya tafi, a wane layi kuka yarda da mutumin nan. Zaka ga baki ya buɗe. A cikinsu ka lura da mutum ɗaya ko biyu da suka saurara da gaske ka dinga basu babi suna tafiya dashi gida, kaima ka karɓi nasu ka karanta da zuciya ɗaya ko na soyayyar ne. Ka leƙa zaman karatu na ƙungiyar marubutan Najeriya ANA reshen jiharku ma ka ƙara jin wasu kunnuwan.

In Mama tana raye, kafin ka koma kan babi na tara ka zauna da ita bayan isha'i ka tambaye ta ranar da Baba ya dawo, da wane kaya ya shigo, me ya fara cewa, ya barcinsa yake a satin farko. Ka rubuta yadda ta faɗa da bakinta ka turo min shafi biyu, zan karanta in baka amsa a wannan filin in sha Allah.