Kore, Fari, Kore: Wa Ya Zana Tutar Najeriya, Kuma Me Take Nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne. Wani ɗalibina ya tambaye ni wanda ya zana tutar Najeriya da ma'anar launukanta. Na ce masa kore noma ne, fari kuma zaman lafiya. Sai wani abokin aikina ya ce ba haka ba ne, wai koren na Musulunci ne, farin kuma Kogin Kwara. Don Allah wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka faɗa wa yaron shi ne daidai, kuma Allah ya yi wa yaron nan albarka, don manya da yawa sun tsufa suna tsayawa gaban tutar nan ba su taɓa yin wannan tambaya ba.

Bari mu fara da abin da ke kan sanda kafin 1960. Bayan da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, tutar da aka ba ƙasar shuɗiya ce, da tutar Ingila a kusurwar sama. A gefe guda akwai jan da'ira, a cikinsa koren tauraro mai tsini shida, wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu, da kambin sarautar Ingila a tsakiya. Wanda ya taɓa riƙe kwabo ko anini mai huji ya san tauraron nan, don shi ne a bayan kuɗin. Tuta ce da ke gaya wa kowa wane ne mai gida, saboda haka da ranar 'yanci ta matso, dole aka nemi wata.

Gasa gwamnati ta sa, aka yi cigiya a jaridu. Zane ya zo daga ko'ina, fiye da 2,000. Wanda ya ci shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, Bayaraben da ya tashi a Badun, saurayi ɗan shekara 23 da ke karatun injiniyan lantarki a Kwalejin Fasaha ta Norwood a Landan. A jarida ya ga sanarwar, ya zauna ya yi zanensa ya aika Legas. A 1959 aka zaɓi nasa, aka ba shi tukuicin fam 100.

Akwai abin da littattafan makaranta ba su cika kawowa ba, ga shi kuwa yara suna jin daɗinsa. Zanen da ya aika ba shi ne daidai wanda muke gani yau ba. A kan farin ya sa jar rana mai baza haske. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore da fari zalla. Ni a ganina sun yi hangen nesa. Ƙasa ce mai jihohi uku a lokacin, Arewa da Yamma da Gabas, kowace da firimiyarta da jam'iyyarta, kowa yana lura da abin da ɗan'uwansa zai samu. Duk wata alama da aka ɗora a kan ƙyallen, sai an sami wanda zai ce ta wasu ce. Tutar da aka bari ba jinjirin wata, ba tauraro, ba gicciye, ba rubutu, kuma ɗan aji ɗaya zai iya zana ta da fensirin kala guda.

Wannan ya kawo mu ga maganar abokin aikinka. Na fahimci inda ya ɗauko ta, don kore ya yi yawa a tutocin ƙasashen Musulmi irin su Saudiyya da Pakistan da Muritaniya. Sai dai namu koren na gona ne da dazuzzuka da albarkar ƙasa, kuma haka mai zanen ya riƙa bayani har ƙarshen rayuwarsa. A tuna da Najeriyar 1959: dalar gyaɗa a Kano, buhu kan buhu har sai ka ɗaga kai, auduga a ƙasar Katsina da Zazzau, koko a Yamma, manja da ƙwara a Gabas. Man fetur kuwa jariri ne, a 1956 aka same shi a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi. Duk wanda za a ce ya zana arzikin ƙasar a wancan zamani, kore zai ɗauko. Farin da ke tsakiya shi ne zaman lafiya da haɗin kai.

Kogin da yake magana a kai yana nan, amma a tambarin ƙasa yake. Ka ɗauko takardar naira ka nuna wa ɗalibanka: baƙar garkuwa, a kanta fararen layuka biyu sun gangaro sun haɗe sun zama ɗaya. Kwara da Binuwai ke nan, inda suka gamu a Lakwaja. Baƙin yana nufin ƙasar noma mai kyau, dawakai biyu martaba, jar mikiya ƙarfi.

An fara ɗaga tutar da tsakar daren 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Aka sauke ta Ingila, aka ɗaga kore da fari, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa yana wurin. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, sassan uku kuma girmansu ɗaya, a tsaye suke ba a kwance ba. Na faɗi wannan ne don na sha ganin telolin da ke ɗinka wa makarantu suna ƙara wa farin faɗi.

Mu Hausawa ba baƙin tuta ba ne. Da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya miƙa tuta ga su Buba Yero da Yakubun Bauchi da Modibbo Adama, amana ya damƙa musu, shi ya sa har yau ake ce musu masu tuta. Wannan ne ke sa raina ya ɓaci idan na ga tuta a bakin makaranta rana ta cinye koren ya koma ruwan toka, bakinta ya zare yana lilo. Idan taku ta kai haka, Malam, ka yi wa hedimasta magana a canza ta.

Shi kuwa Akinkunmi, ya dawo gida ya yi aikin gwamnati a Badun har ya yi ritaya, ya kuma shafe gidansa da fenti kore da fari. Sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girmamawa ta OFR. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2023, yana da shekara 87. Ka rubuta wa yaron sunan a allo, ka sa ya kwafa a littafinsa.