Ware wa mutum ɗaya ma'ajiyar fayil a sabar ofis

Malam, ka ce akantan ofishinku a Tahoua yana son wurin ajiye takardun albashi a saba (babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis), inda babu mai buɗewa sai shi. Na taɓa yin irinsa a Yamai, a kan Windows Server.

Fara buɗe masa asusu nasa shi kaɗai; in ma'aikata duka da kalmar sirri ɗaya suke shiga, aikin banza za ka yi. Sai ka ƙirƙiri folda, ka shiga shafin Sécurité, ka katse izinin da ta gada daga babbar folda, ka cire Utilisateurs (rukunin sauran masu amfani), ka bar akantan da Administrateurs (masu kula da saba) da SYSTEM (asusun Windows ɗin kansa). A nan mutane ke tuntuɓe: izinin rabawa (na shiga foldar daga wata kwamfuta) daban, na NTFS (wanda ka saita a shafin Sécurité) daban, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Alamar $ a ƙarshen sunan rabawa ɓoyewa kawai take yi, ba ta kullewa.

Ka gwada shiga da asusun wani. Ka kuma gaya wa akantan cewa mai kula da saba zai iya shiga. In bai yarda ba, sai a rufe fayilolin da EFS, wato tsarin Windows na kulle fayil ta yadda sai mai makulli zai iya karantawa. Wannan kam nemi ƙwararre, don in makullin ya ɓace, takardun sun tafi. Kuma ka riƙa kwafe su a wani faifai, ga yawan ɗaukewar wuta lokacin zafi.