Kwarin da ya ɓace a cikin kwamfuta

Sadiku, na ga saƙonka da hotunan da ka turo. Ka ce: "Oga, na haɗa safes (fuskar ƙasa) da korido (jikin hanya) a manhajar zanen hanya ta Civil 3D na hanyar da muka auna a bayan garin Gombe, na fitar da sekshan (yankan hanya a gicciye) kowane mita 25, amma kwarin da muka tsallaka da ƙafarmu bai fito ba, ƙasa ta kwanta sumul. Wasu kuma gefen cikon ya tsaya bai taɓa ƙasa ba. Ko manhajar ce ta lalace?"

Lafiyarta ƙalau, ɗana. Abin da ka ba ta shi ta dawo maka da shi.

Kwamfuta ba ta taɓa taka filin nan ba. Iyakar saninta ɗige-ɗigen da kuka ɗauko da na'urar awo, kowanne da gabas, arewa da tsayinsa. Sai ta ja layi daga ɗigo zuwa makwabtansa, ta ɗinke su alwatika-alwatika, ta ce ga fuskar ƙasa. To, kun ɗauki ɗigo a bakin kwarin nan, kun ɗauki wani a wancan bakin, amma ba wanda ya sauka ciki da sandar awo. Me kake so ta yi? Ta shimfiɗa alwatika daga baki zuwa baki kamar an rufe rijiya da tabarma. Ka kunna alwatikan a salon nunin safes ɗin, za ka gan su dogaye sun haye ramin.

Kwari yana son layi uku aƙalla: bakin dama, gindi, bakin hagu. Idan gindin yana da faɗi, huɗu ke nan. Kuma ɗaukar ɗigon kaɗai bai wadatar ba, sai ka haɗa na kowane layi, ka shigar da su cikin safes a matsayin layin karya, wanda muke cewa bireklayin. Shi ke hana alwatika tsallakawa, dole gefenta ya bi shi. Haka za ka yi wa gefen tsohuwar kwalta, lambatu, da gindin tudu. Ƙasar Gombe rairayi ce mai saurin zaizaya, bakin kwarinta yakan tsaya cak kamar bango, don haka ɗigon sama da na ƙasa suna iya zama kusa da juna ƙwarai alhali tsakaninsu mita uku ne a tsaye. Kada ka ga kusancin ka goge ɗaya kana zaton maimaici ne.

Akwai abu na biyu, kuma shi ya fi cin mutane. Ko safes ɗinka ya yi daidai, sekshan yanka ne kawai, kamar a yanka rake a dubi bakinsa. Inda wuƙa ta sauka kaɗai kake gani. Ka yanka a 0+450, wato mita 450 daga farkon hanya, ka yanka a 0+475, kwarin kuma yana tsakaninsu. Manhajar takan lissafa ciko ne da haɗa faɗin yanka biyu, ta raba biyu, ta ninka da tazarar. Murabba'in mita 12 da 18 a tazarar mita 25 ya ba ka mita kubik 375, lissafi ba kuskure. Amma in kwarin faɗinsa mita 8 ne, zurfi 3, hanya da kafaɗunta sun ci mita 12, akwai kusan kubik 290 da ba su shiga takarda ba, tun kafin a sa gangaren gefe. Wannan lodin tifa kusan talatin ne in mai ɗaukar kubik goma ce. Shi ya sa bayan layukan yanka na kowane mita 25, nake ƙara wasu da hannuna a bakin kwari biyu, da tsakiyarsa, da duk inda kwalbati zai zauna, da farkon kwana da ƙarshenta.

Ni ma ta taɓa cina, ina ƙaramin safiyo a wani aiki wajen Kaltungo. Na miƙa lissafi ba tare da na koma fili ba, aka yi farashi a kansa. Da katafila ta iso wurin sai ga rami. Ɗan kwangilar ya yi asara ta gaske, direbobin tifa suka yi makonni suna jiran kuɗinsu. Har yau in na tuna fuskokinsu raina yakan ɓaci, domin sa hannuna ne a kan takardar.

Batun cikon da ya tsaya a sama kuwa mai sauƙi ne. Awonku bai yi faɗi ba. Hanya mai mita 7.3 da kafaɗa, in cikon ya kai mita 3 kuma gangarensa ɗaya cikin biyu ne, zai miƙa mita 6 a kowane gefe kafin ya sami ƙasa. Inda safes ya ƙare kafin nan, gangaren ba shi da wurin sauka. Kada ka ja safes ɗin da hannu don ka rufe giɓin, kada kuma ka cike shi da tsayin Google Earth, bai isa aikin hanya ba. A ƙara awo. Ka kuma duba tsarin lambobin wuri: Gombe da Bauchi duk suna shiyya ta 32 ta UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, amma tsofaffin turakun awo da yawa a ma'aunin Najeriya na Minna suke, GPS kuwa ma'aunin duniya na WGS84 yake bayarwa, in ka gauraya su hanya za ta goce gwamman mitoci.

In ka gyara, ka duba yanka ɗaya da kalkuleta. Gangaren ruwa na kashi 2.5 cikin ɗari a layi mai mita 3.65 ya kamata ya sauke gefen kwalta kusan santimita 9 ƙasa da tsakiya.

Gani ya kori ji. Jibi da asuba ka zo da na'urar da turaku da fenti, ka buga min sekshan daga 0+425 zuwa 0+500 a takarda. Za mu sauka cikin kwarin tare, kai za ka riƙe sandar.