Ruwan tsiron alkama da ƙarancin jini: amsoshin Likita

Tambaya: Likita, tun da na fara shan ƙwayar ƙarin jini da aka ba ni wurin awo, bayan gidana ya koma baƙi. In daina?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ci gaba da sha, haka ƙwayar take yi. In kin ga jini ko ciki ya matsa miki da ciwo, ki koma asibiti.

Tambaya: Ɗana mai sikila ne. An ce in riƙa matse masa ɗanyen tsiron alkama, wai ruwan jini ne zalla, ba sai an sake yi masa ƙarin jini ba. Yanzu idonsa ya yi fari, yana haki.

Amsa: Hajiya, ki ajiye komai ki kai yaron nan asibiti yau, a duba yawan jininsa. Farin ido da haki ga mai sikila ba abin jira ba ne.

Masu tallar ruwan nan suna cewa sinadarin da ke sa ganye ya yi kore yana kama da wanda ke sa jini ya yi ja. Akwai kamar, amma a tsakiyar na jini sinadarin ƙarfe ne, na ganye kuwa wani sinadari ne daban, maganiziyam. Jiki ba ya mayar da wannan ya zama wancan. A 2004 likitoci a Indiya sun gwada shi kan 'yan tsirarun yara masu wata cutar jini ta gado, talasimiya, wasu suka rage buƙatar ƙarin jini. Rage fa, ba dainawa ba, kuma gwajin da ya biyo baya bai tabbatar da hakan ba.

Shi mai sikila ba rashin ƙarfe ne ke damunsa ba, ƙwayoyin jininsa ne ke saurin fashewa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya ƙara rura abin. Wane ganye ne zai tsayar da wannan? Abin takaici, sai yaro ya galabaita ake kawo mana shi, bayan an gama ɗura masa karan dafi da zoɓo da Maltina da madara. Ki ci gaba da ba shi ƙwayar folik asid, ya kwana cikin gidan sauro, kuma kada ki ba shi ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai likita ya rubuta. Don Allah ki kai shi yau.

Tambaya: Shayi bayan abinci yana rage jini?

Amsa: Malam, yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin wake, zogale da alayyahu. Ka jinkirta shi awa guda, ka sha lemon zaki a madadinsa. In kasala da jiri sun ci gaba, a gwada jininka, a duba tsutsar ciki.