Amsa ga mai tambaya kan garin kauri: na fenti daban, na siminti daban

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama. Ka ce kana haɗa fentin ruwa da garin kauri na Natrosol, yanzu kana son shiga harkar gam ɗin tayil da garin sikiridin, kana tambaya ko Natrosol ɗin zai yi maka, ko kuwa ka ɗauki wani garin kaurin da ake kira HPMC mai lamba 200,000 da mai kemikal ya ce shi ne "mai ƙarfi". Shekarata tara a wannan sana'a a Kano, kuma irin wannan maganar ta "mai ƙarfi" ta taɓa cinye mini jari.

Natrosol dai bar shi a fenti. Sunan kaya ne na kamfanin Ashland, ainihin abin da ke cikin buhun HEC ne. Shi da HPMC da HEMC da CMC duk 'yan gida ɗaya ne, daga itace ko auduga ake sarrafa su, amma hali ya bambanta. HEC na jinkirta kamun siminti ƙwarai, kuma kwaɓin ba ya samun laushin da mai tayil ke so a cokali. CMC ya fi muni, domin ba ya shiri da sinadarin kalsiyam da ke cikin siminti. In an miƙo maka shi don arha, ka ce a kai wa masu sabulun ruwa. Na siminti HPMC ne ko HEMC, wanda wasu buhuna ke rubutawa MHEC.

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne aikin garin nan a cikin siminti ba ƙarfi ba ne. Riƙe ruwa ne. Siminti sai da ruwa yake kamawa, bulo kuma ƙishirwa gare shi, iska ma tana ɗiban nata. Garin yana hana ruwan gudu har simintin ya sha rabonsa. Manne tayil, musamman faslen mai santsin baya wanda ba ya shan ruwa, aikin wani gari ne daban da ake kira RDP. In ka rage RDP ka ƙara HPMC don kwaɓi ya yi danƙo a hannu, kanka ka yaudara. Zai yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya cika da iska, ya daɗe bai kama ba, ƙarfinsa kuma ya ragu.

Sai lambar nan ta 200,000. Awon kauri ne: a narka giram 2 na garin a ruwa har ya cika giram 100, a auna a sanyin digiri 20. Matsalar ita ce na'urorin awon ba ɗaya ba ne. Yawancin kayan Sin da na'urar NDJ ake auna su, na Turai irin su Tylose da Walocel kuma kowane da hanyarsa, wani da na'urar Höppler, wani da ta Haake. Buhun da aka rubuta wa 200,000 da awon NDJ, in aka ɗora shi a wata na'urar da ake kira Brookfield sai ka ga bai kai rabin haka ba. Shi ya sa za ka ga na Turai mai lamba 40,000 ko 60,000 ya yi aikin da kake zaton sai mai 200,000. Duk wanda ya faɗa maka lamba bai faɗa maka na'ura ba, rabin magana ya yi. Ka nemi takardar bayanin kayan, kada ka ji kunya.

Bari in ba ka nawa labarin. Wata bazara, cikin Afrilu, na sayi buhu huɗu masu kilo 25 a hannun wani da ya rage mini kuɗi sosai, an buga 200,000 ɓaro-ɓaro a jiki. Na haɗa gam na kai wani gida da ake sa tayil a bangon waje mai kallon yamma. Da la'asar mai tayil ya kira ni. Na iske ya ja gam da cokali mai haƙora, kafin ya yanko tayil ya dawo saman layukan ya yi fata. Na dangwala yatsa, ko ɗigo bai biyo ni ba. Waɗanda ya riga ya manna, da na ƙwanƙwasa su da mukullin mashin sai ƙara kamar ƙwarya. Muka ɓamɓare guda, bayansa fes, kamar bai taɓa ganin siminti ba. Ni na biya aikin. Da na koma shago na ƙona cokali ɗaya na garin a murfin gwangwani, tokar da ta rage ta kusa rabi. Na kirki ɗan abin da zai bari kaɗan ne. An cika shi da wani abu ne kawai.

Tun daga ranar ba na karɓar sabon buhu sai na gwada. Ina ƙonawa in ga toka. Ina zuba kaɗan a tafasasshen ruwa: HPMC na gaskiya ba ya narkewa a ruwan zafi, watsewa yake yi, sai ruwan ya huce kaurin ya zo. In ya yi kauri nan take a cikin zafin, akwai gauraye. Na uku shi ne alƙali: in kwaɓa gam, in ja shi a kan bulo a waje da tsakar rana, in manna gutsuren tayil bayan minti 5, da 10, da 20, in ɓamɓare in duba yadda gam ya kama bayansu. Ma'aunin Turai na gam ɗin tayil, EN 12004, minti 20 ya nema ga gam na yau da kullum, 30 ga mai alamar E, wato mai daɗewa bai yi fata ba, amma a ɗakin gwaji mai digiri 23 ake auna wannan, ba a ranar Kano ba.

Wannan halin na ƙin zafi shi ne ya sa na koma HEMC daga Maris zuwa Mayu. HPMC da HEMC kowanne yana da zafin da in ya kai sai ya dunƙule ya saki ruwa, kuma na HEMC ya fi sama. Bangon da rana ta gasa tun hantsi ba wasa ba ne. Da hunturu kuma iska ce ɓarauniyar, sai in ɗan ƙara awo.

Ga inda nake farawa a kilo 100 na gam: siminti mai lamba 42.5 kilo 35, busasshen yashi tankaɗaɗɗe wajen kilo 63, HPMC giram 300 zuwa 350, RDP kilo 1.5. In faslen ne ko manyan tayil, RDP sai ya kai kilo 3 ko fiye. Ka lura giram na ce, don haka sayi ƙaramin sikeli, ka daina awo da gwangwanin madara. Kuma ka fara cakuɗa garin da yashi kaɗan kafin ka juye a injin, in ba haka ba wani buhu zai samu wani ya rasa. A sikiridin na fi son mai 100,000 na awon Sin. Mai 200,000 yana riƙe cokali, masu aiki su yi ta ƙorafin kafaɗa, su ƙara ruwa a ɓoye, bango ya zo yana gari.

Tunda kana fenti, duba haruffan da ke bayan lambar 250 a buhunka na Natrosol. H kauri ne mai yawa. R na nufin an yi masa maganin da ke jinkirta narkewa, don ya watsu kafin ya kumbura. To in ka riga ka zuba amoniya sannan ka kawo shi, ka karya wannan jinkirin, sai gudaji kamar talgen da aka yi wa gaggawa. Shi ne farko a ruwa, amoniya daga baya. B kuma shi ne mai jure ƙwayoyin da ke cin garin. Na taɓa yin durom biyu da ruwan tankin da ya kwana biyu ba a wanke ba, bayan sati uku fenti ya tsinke kamar kunun da aka sa wa yawu, ga wari. Na ƙara maganin ruɓa, na ƙara gari, ya sake tsinkewa, domin maganin yana kashe ƙwayoyin amma abin da suka riga suka zubar a ciki yana nan yana aiki. Yanzu HBR nake saye, maganin ruɓa kuma tun a ruwan farko.

Kafin ka ɗauki buhu guda, ka roƙi mai kemikal ya auna maka rabin kilo. Ya ishe ka gwaji fiye da goma. Ka ɗauki hoton bayan buhun inda aka buga lambar kaya, ka turo tare da hoton bayan tayil ɗin da ka ɓamɓare a minti 20, sai mu duba ko awon ne zai canja ko buhun.