Tambaya da Amsa: Ejan ya samo min lokum a ƙauye, amma ni kaɗai ce nas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Mama Matiron. Shekarata biyu da gama makarantar jinya, shaidar RN, wato nas mai rajista, kaɗai gare ni, ban yi ungozomanci ba tukuna, kuma har yau ina zaune a gida a Anguwar Rogo. Wani ejan ya samo min lokum, wato aikin wucin gadi, na wata uku a wani ƙaramin asibitin kuɗi can wajen Wase. Ya ce sau ɗaya likita yake leƙowa a mako, sauran ma'aikatan 'yan okzilari ne, wato mataimaka marasa lasisin jinya, kuma in bar masa ainihin lasisina har in gama. Da na nuna tsoro sai ya ce ai ni ta wucin gadi ce, komai ya faru mai asibiti ne zai amsa, ni dai in bi yadda na tarar ana yi. Mama ina bukatar kuɗin, amma kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. In tafi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Barcin da ya ƙaurace miki yana da dalili, kada ki raina shi.

Maganar lasisi ba ta da tsawo. Ba a bayarwa. Ki ba shi hoto, ainihin takardar ta zauna a akwatinki. Hukumar NMCN mai rajistar nas-nas da ungozomomi da sunanki ta ba da shi, kuma da sunanki za ta karɓe. Wanda ya riƙe lasisinki zai iya rataye shi a bangon asibitin da ba ki taɓa takawa ba, a nuna wa masu duba asibitoci, wasu na aiki a ƙarƙashin inuwarki kina Jos ba ki sani ba.

Lokum a ƙauye ba aikin banza ba ne. Rashin ma'aikata a karkara ne ya sa gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro shirin tura ungozomomi ƙauyuka a 2009, kuma giɓin yana nan. Na yi irin wannan aiki, hannuna a can ya faɗa. Abin da ya ɓata min rai a wasiƙarki shi ne wannan magana ta "ke ta wucin gadi ce, bi yadda kika tarar". Kusan kullum sai na ji ta daga bakin yaranmu, kuma ita ke kashe mata.

Bari in gaya miki abin da za ki tarar, tunda an ce ki bi. Za a kawo mace tsakar dare a kan babur, ta kwana tana naƙuda a gida. Uwar miji za ta ce, "Sista, a yi mata allurar naƙuda mu huta." Yarinyar okzilari da ta shekara goma a wurin, wadda kowa a garin yake kira Dakta, za ta fasa kwalbar oksitosin, allurar da ke sa mahaifa matsawa, ba tare da ta dube ki ba, ta ce haka ake yi a nan. Ke baƙuwa ce, ƙarama, kina jin nauyi. Sai ki yi shiru, ko ma ki karɓi sirinjin.

Kin sani a aji, amma zan maimaita don na ga masu digiri sun manta a gaban uwar miji. Oksitosin yunit 10 a tsoka aikinsa bayan jariri ya fito ne, bayan kin taɓa ciki kin tabbatar babu na biyu, don tare zubar jini. Jariri na ciki ba a soka shi a cinya ko a ɗuwawu, ko waye ya ce. In ta kama a ƙara wa naƙuda ƙarfi, a cikin ruwa ake sawa, ɗigo-ɗigo, da umarnin likita, ana ƙirga murɗawar ciki ana sauraren bugun zuciyar jariri, ana cika fatogiraf, takardar bin diddigin naƙuda, kuma a wurin da ɗakin tiyata yake buɗe. Ruwa kina iya tsayar da shi. Allurar da ta shiga tsoka wa zai zaro ta? In kan jariri ya fi ƙugu, ko ya kwanta a gicciye, ko matar tana da tabon tiyata, ko haihuwarta ta bakwai ce, mahaifa za ta yi ta matsa abin da ba shi da hanya har ta yage.

Na taɓa karɓar irin wannan daga wani ƙaramin asibiti, haihuwa ta takwas. Dangi har hamdala suke yi a hanya wai ciwon ya lafa, ta samu sauƙi. Naƙuda ta tsaya cak, bugun jininta na gudu, jariri shiru, hannuna na jin gaɓoɓinsa ƙarƙashin fata kamar babu komai tsakani. Uwar ta rayu, mahaifa ta tafi, yaro ya tafi. A takardar da ta biyo ta sunan nas ɗaya ne, ta lokum, satinta biyu a wurin. Mai asibiti ya ce yana Abuja ranar, ejan ya kashe waya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a idon hukuma mai lasisi ce ta ja.

Ga wani abin haushin. Oksitosin yana son sanyi, digiri 2 zuwa 8. Wase ba Jos ba ce, zafi ake yi na gaske, firji babu wuta. Maganin ya kwana cikin durowa ya yi rauni, sai ma'aikata su saba da fasa biyu ko uku, ranar da aka samu mai kyau kuma a yi ɓarna. Yanzu har ƙwayar misofurostol masu kyamis ke ba masu ciki wai maganin saurin haihuwa. Wallahi wani lokaci sai in rasa da wa zan fara faɗa. Ki leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano da ke Jos ki ga inda naƙudar da aka tsare a ƙauye take kai 'yan mata.

Ke kuma RN ce kawai. Ɗakin haihuwa ke kaɗai ba hurumin ki ba ne, ki faɗa wa mai asibitin da bakinki tun kafin ki hau mota. Sauran sharuɗɗan a rubuce, da sa hannun mai asibiti ba na ejan kaɗai ba: nawa ne albashi, wa zai biya, nawa ejan zai yanka, ina za ki kwana, lambar likitan da zai ɗauki waya da dare, da motar da za ta kai mara lafiya babban asibiti. Ki tambayi maganeziyam salfet saboda masu jijjiga. Yankin nan ƙasar kububuwa ce, wanda maciji ya sara ki tura shi asibitin Zamko da ke Langtang, kada ki bari a tsaga ko a ɗaure ƙafa. Da rani kuma duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ki tuna da Lassa, ki sa safar hannu ko da kuɗinki za ki saya.

Kiran dare zuwa gidan mutane ke kaɗai, babu. A jihar Ostireliya ta Kudu sai da aka kashe wata nas a wani ƙauye mai nisa a 2016 sannan suka yi dokar da ta wajabta rakiya a irin wannan kira. Mu ba mu da ita, don haka ki sa ta cikin takardarki. In sun amince da waɗannan, ki je da rana ki ga wurin da idonki kafin ki kai kaya, ki kuma gaishe da mai gari da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma su san da zuwanki. In ejan ya fara cewa kin cika tambaya, ki karɓi hoton lasisinki ki dawo gida.